Amsoshin Tambayoyinku: Wa ya ƙirga man da ke ƙarƙashin ƙasa?

Mai gabatarwa: Jama'a, lokaci na gudu, bari mu yi hanzari. Wani daga Maradi yana tambayar lita nawa ce a gangar ɗanyen mai. Lita 159 ce, malam. Wata baiwar Allah daga Kumasi kuma ta ce me ya sa kullum sai an ambaci mashigin Hormuz? Hajiya, kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ta wannan ɗan lungun teku tsakanin Iran da Oman yake wucewa. Ranar da aka toshe shi, direban tasi a Kumasi ma sai ya ji a aljihunsa.

Sai wadda ta fi yawan zuwa mana, daga Kano, Damagaram har Garwa: ta yaya ake sanin yawan man da ya rage a ƙasa? Wani ma ya rubuto a fusace, wai duk ƙarya ake mana. Haba malam, sha ruwa tukuna! Injiniya, bismillah.

Injiniya: To, mutane na ɗauka tafki ne a can ƙasa. Ina! Man yana cikin ƙananan ramukan dutse ne, kamar ruwa a jikin soso. Mukan aika girgiza cikin ƙasa mu saurari yadda za ta dawo, sannan a haƙa rijiyar gwaji a ciro dutsen a duba. Galibi ma kusan kashi ɗaya cikin uku ake iya fitarwa. Zamanin da muke makaranta, taswira da fensir...

Mai gabatarwa: Injiniya, agogo fa! Alƙaluman da ake faɗa?

Injiniya: Yauwa. Tabbataccen mai shi ne wanda ake da yaƙinin kashi 90 cikin ɗari za a haƙo shi da riba, a farashin yau da kayan aikin yau. Farashi ya tashi, adadin ya ƙaru.

Mai gabatarwa: Kun ji ko? Ƙiyasi ne. Na sake faɗa, ƙiyasi ne, kuma yana bin farashi. Ni kuma zan ƙara da siyasa. A shekarun 1980, da ƙasashen OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, ke takaddama kan kason da kowa zai haƙo gwargwadon man da ya ce yana da shi, Kuwait ta ɗaga adadin tabbataccen manta daga ganga biliyan 64 zuwa 90, Saudiyya daga kusan 170 zuwa sama da 250, ba tare da an gano manyan rijiyoyin da za su kai haka ba. To malam mai fushi, ba ka yi nisa da gaskiya ba, amma zagin da ka haɗa da shi bai kamata ba. Najeriya dai ana ƙiyasta nata a kan ganga biliyan 37.

Mai tambaya kan rijiyar mai ta Kolmani a Najeriya, ka yi haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.