Amsoshin Tambayoyinku: Gyara da fentin marfin cikin ƙofar tsohuwar mota

Mai gabatarwa: Toh jama'a mun dawo, saƙonni sun taru lokaci kuma ba yawa, Malam mai gyaran cikin mota yana nan tare da mu. Na farko wani ɗan'uwa ne yake cewa, dole ne sai ya cire marfin ƙofar kafin yayi fenti? Wannan ni ma zan amsa maka, eh cire shi, in ba haka ba gilas da kujera duk sai sun sha fenti.

Wata 'yar'uwa tace hannun ɗaga gilas ya ƙi fita kuma bata ga sukuru ko ɗaya ba. Malam?

Malam: Yawanci babu sukuru ai Hajiya, wani ɗan ƙarfe ne a bayansa lanƙwasashshe kamar harafin C, ki zura gefen tsumma tsakanin hannun da marfin ki ja hagu ki ja dama zai fita, amma ki sa ido don tsalle yake yi ya ɓace.

Mai gabatarwa: Madalla. Yanzu ga wadda ta fi yawa, kusan rabin saƙonnin yau ita ce. Wani yace ya wanke marfin ya fesa fenti yayi kyau, ko sati biyu ba'a yi ba ya fara ɓarewa, daidai wajen ɗora gwiwar hannu ma da farce yake ɗaye shi. Wai fentin ne jabu?

Malam: Toh kaga motocin da, bayan marfin nan wani siririn katako ne na matsattsen gari, sai soso sai leda a kai. Kuma tsakaninsa da ƙarfen ƙofa akwai wata farar leda da ake mannawa, mutane sai su yage ta su yar wai shara ce, alhali ruwan sama yana bi ta gefen gilas ya shiga cikin ƙofa, ita ke tare shi har ya fita ta ƙananan ramukan dake ƙasa, in babu ita katakon ya jiƙe ya kumbura ya...

Mai gabatarwa: Malam Allah ya ƙara ilimi, amma bawan Allahn nan fentinsa ke ɓarewa fa.

Malam: Ai can zan zo. Man ƙyalli ne, wannan da ake goga wa dashbod da ƙofofi don su yi sheƙi. Akwai silikon a cikinsa, shekara da shekaru yana shiga ramukan ledar, ga maiƙon hannu da gumi a kai. Fenti baya kama silikon ko na nawa ka saya. Sai an wanke da sabulu da buroshi, a ɗauraye, ya bushe, a bi da sifirit da farin tsumma har tsumman ya daina baƙi. Ka yayyafa ruwa ka gani, in ya dunƙule ƙwaya ƙwaya toh da sauran maiƙo, sake wankewa.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don masu tuƙi. Sabulu, sifirit, a gwada da ruwa, in ruwan ya dunƙule ba'a gama ba. Kuma dan Allah ku rage zumuɗi, mutum ya sayo gwangwanin fenti da safe yana so kafin rana ta faɗi ya hau titi, haba. Ni a ganina wankin nan shi ne rabin aikin.

Malam: Ya ma fi rabi. Sannan in marfin na roba ne mai tauri a juya bayansa, akwai rubutun dake nuna nau'in robar, in kaga PP toh sai ka fara fesa maganin dake sa fenti ya kama roba, in ABS ne yafi sauƙin kamawa amma kar ka kusanto shi da tina, wato ruwan tsinka fenti, narkar dashi take yi. Robar a ɗan goge ta da samfefa mai laushi kamar lamba 600, sama sama kawai kar a cinye zanen. Fentin kuma na leda da roba ake saya wanda yake lanƙwasuwa, na jikin mota tsagewa yake yi a kan leda. A riƙe gwangwanin nesa kamar santimita 20 zuwa 30, feshi siriri sau uku ko huɗu, ana barin kamar minti 10 tsakani, ya kwana kafin a mayar. Kuma a waje mai iska, da takunkumi a hanci.

Mai gabatarwa: Siriri siriri jama'a, ba'a lafta shi lokaci ɗaya. Wanda nasa ya riga ya ɓare fa?

Malam: Sai ya kankare tsohon tas ya faro daga wanki.

Mai gabatarwa: Wani yana so ya mayar da baƙi ya koma ruwan madara. Ɗan'uwa zai yiwu amma zai sha fenti, kuma duk inda ya karce baƙin zai leƙo, ni da zaka ji tawa ka tsaya kusa da kalar asali.

Ta ƙarshe, wani mai BMW E39 yana tambaya ko akwai abin kiyayewa.

Malam: Akwai sosai, irinta da Marsandi W210 akwai masu jakar iskar kariya a cikin ƙofar gaba. Ya cire kan batir ya ɗan jira kafin ya taɓa wata waya, kuma kar ya manna sabuwar leda ko gam a kan wajen da jakar take fitowa.

Mai gabatarwa: Lokaci ya cinye mu, masu tambayar leda da ta saki daga jikin soso ku yi haƙuri, da taku zamu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kaimu.