Naushin Cleveland da ihun magoya bayan White Sox

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai tsallaka teku zuwa Amurka, kan wasan da ba mu saba kawo muku ba, wato ƙwallon besbol. Wanda bai san dokokin wasan ba kada ya murɗa akwatinsa. Duk wanda ya taɓa son wata ƙungiya har rashin nasararta ya hana shi cin tuwon dare, ya san abin da zan yi magana a kai.

Ranar Asabar, 5 ga Agustan 2023, ƙungiyar White Sox ta birnin Shikago ta je baƙunta wurin Guardians a Cleveland. A besbol, ɗan wasa kan maka wa ƙwallo sanda ne ya ruga yana taɓa tashoshi ɗaya bayan ɗaya, abokan hamayya kuma suna ƙoƙarin taɓa shi da ƙwallon kafin ya isa. A zagaye na shida, José Ramírez na Cleveland ya buga, ya sheƙa, ya yi sufa da ciki zuwa tasha ta biyu, ya shige tsakanin ƙafafun Tim Anderson na White Sox da ke tsaron wurin. Da ya miƙe sai ya nuna Anderson da yatsa, baki ya fara zafi. Anderson ya yar da safar hannunsa, ya dunƙule hannu, ya gyara tsayuwa. Alƙalin wasan da ya shiga tsakani ya ga ba dama, ya ja da baya. Anderson ya kai nasa bai samu ba, Ramírez ya sakar masa na dama a muƙamuƙi, sai ga shi a ƙasa da baya. Da a fagen dambe ne, kisa ke nan, makaɗa su canja kiɗa. Nan take 'yan wasan ɓangarorin biyu suka yi ɗango zuwa tsakiyar fili, aka ɗauki lokaci ana kiciniyar rabiya, aka kori masu horar da ƙungiyoyin biyu, Pedro Grifol na White Sox da Terry Francona na Cleveland.

Tom Hamilton, mai sharhin rediyon Cleveland, ya ɗaga murya yana ta maimaita cewa Anderson ya faɗi, Anderson ya faɗi, irin kiran da mai sharhin dambe Howard Cosell ya yi a 1973 lokacin da George Foreman ya kayar da Joe Frazier. Mu masu aikin riƙe makirufo mun san cewa irin wannan kira ba ya mutuwa. Kafin gari ya waye muryar Hamilton da hoton faɗuwar sun zagaye intanet. Hukumar gasar ta dakatar da Anderson wasa 6, Ramírez wasa 3, daga baya aka rage wa kowannensu ɗaya. White Sox ce ta ci wasan, 7 da 4, amma ka tambayi mutum goma ba lalle ka sami ɗaya da ya tuna ba.

Sauran Amurka dariya ta yi. Magoya bayan White Sox kuwa abin bai zo musu da dariya ba, kuma sai an san wane ne Anderson a wurinsu za a gane dalili. Shikago tana da ƙungiyoyin besbol biyu. Cubs tana arewacin birni, ita ce 'yar gatan 'yan jarida da baƙi masu yawon buɗe ido. White Sox tana kudu, unguwannin ma'aikata da baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, mutanen da suka saba ganin ana fifita maƙwabtansu a kansu. Anderson baƙar fata ne ɗan jihar Alabama, a wasan da taurarinsa baƙaƙen Amurka suka yi ƙaranci ƙwarai. A 2019 shi ya fi kowa iya bugu a gasar. A Agustan 2021, a wani wasa na musamman da aka shirya a tsakiyar gonar masara a jihar Iowa, shi ya buga ƙwallon ƙarshe da ta faɗa cikin masarar, White Sox ta doke Yankees 9 da 8, ƙasa gaba ɗaya tana kallo. A shekarar suka lashe rukuninsu da nasara 93. Shekara biyu kacal tsakani, a wata guda na Agusta, ga gwarzon nasu kwance a ƙasa ana ta yi masa tsiya.

Saboda haka ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce shi ya jawo, tunda shi ya fara dunƙule hannu, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wasu suka ji kamar su aka nausa. Amma abin da ya ja hankalina shi ne yadda cikin 'yan kwanaki zancen ya bar kan Anderson ya koma wani wuri dabam.

Abin da ya juya shi, wani ɗan wasa ne mai suna Keynan Middleton, mai jifa, wato mai jefa wa masu bugu ƙwallo, wanda White Sox ta miƙa wa Yankees 'yan kwanaki kafin faɗan. Ya shaida wa kafar ESPN cewa babu doka a ƙungiyar da ya baro. Ya ce akwai sabon ɗan wasa da ke barci a wurin da masu jifa ke ɗumama jiki ana tsaka da wasa, akwai masu ƙin zuwa taro da atisaye, kuma ba wanda ake hukuntawa. Shugabannin ƙungiyar suka musanta. Sai Lance Lynn, wani tsohon hannu da shi ma aka sallama zuwa Dodgers a lokacin, ya nuna cewa Middleton bai yi ƙarya ba. Daga nan magoya baya suka daina kallon naushin a matsayin rigimar mutum biyu. Ruwa ba ya tsami banza. Gidan da babu mai tsawatarwa a cikinsa, wata rana sai rigimarsa ta fito ƙofar gida kowa ya gani.

Kuma ba a ranar suka fara ƙorafi ba. Mai ƙungiyar, Jerry Reinsdorf, ya saye ta tun 1981, shi ne kuma mai Chicago Bulls ta ƙwallon kwando. A ƙarshen 2020 ya dawo da tsohon amininsa Tony La Russa a matsayin koci, yana da shekara 76, bayan kusan shekara goma rabonsa da horar da ƙungiya. A 2022 filin wasa ya riƙa ɗaukar ihun a kori Tony. Wasu magoya baya har karo-karo suka yi, suka biya kuɗin allunan talla a kusa da filin, an rubuta a jiki cewa Jerry ya sayar da ƙungiyar. Babban abin da suke zarginsa da shi maƙo ne. Har zuwa kakar 2024 White Sox ba ta taɓa ba ɗan wasa kwantiragin dala miliyan 100 ba, alhali tana birni na uku mafi girma a Amurka. Mafi tsada shi ne na Andrew Benintendi, dala miliyan 75 na shekara biyar. Hausawa suka ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwa. A wannan gida duka biyun aka haɗa.

Ranar 22 ga Agustan 2023, kwana 17 bayan faɗan, Reinsdorf ya kori manyan jami'ansa biyu, Kenny Williams da Rick Hahn. Mutane suka yi zaton za a nemo baƙon ido daga waje ya zo ya share gidan. Kwana tara bayan haka sai aka naɗa Chris Getz, wanda dama a cikin gidan yake, shi ne ke kula da renon matasan 'yan wasa, ɓangaren da aka daɗe ana kuka da shi. An gama kakar da nasara 61, shan kashi 101.

Sai 2024. A besbol wasa 162 ake bugawa a kaka guda, kusan kullum ana fili daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, don haka mai goyon bayan ƙungiyar da ta lalace ba ya samun ko hutun mako guda ya manta. Cikin wasa 25 na farko, 3 suka ci. Daga 10 ga Yuli zuwa 5 ga Agusta suka sha kashi sau 21 a jere, daidai da mummunan tarihin da Baltimore Orioles ta kafa a ɓangarensu na gasar a 1988. Ku lura da ranar ƙarshen, 5 ga Agusta, shekara guda cif da naushin Cleveland. Kwana uku bayan haka aka kori Grifol.

Zuwa makon ƙarshe na Satumba sun riga sun sha kashi 120, sun kamo New York Mets ta 1962, wadda ita ko ba komai sabuwar ƙungiya ce a shekararta ta farko. Saura ɗaya su zama mafi muni a tarihin zamani na wasan. Wasanni uku na ƙarshe a gida da Los Angeles Angels ne. Jama'a suka sayi tikiti suka zo, da yawansu don su shaida kashi na 121 da idonsu. White Sox ta ci duka ukun. Kuma a cikin filin nasu, magoya bayansu suka riƙa yi wa nasarar ihu, suna rera a sayar da ƙungiya, a sayar da ƙungiya. Kashin tarihin ya zo ne ranar 27 ga Satumba a Detroit, 4 da 1. Aka rufe kakar da nasara 41, kashi 121.

An zargi waɗannan mutane da butulci. Aka ce wane irin masoyi ne zai yi wa ƙungiyarsa ihu ranar da ta ci wasa? Ni ban ga butulci ba, kuma ga dalilina.

A ƙwallon ƙafar da muka sani, ƙungiyar da ta lalace faɗawa take rukunin 'yan dagaji. Mutanen Kano sun ɗanɗana wannan da Pillars a 2022. Akwai ciwo, amma hukunci ne da ke isa har aljihun masu ƙungiya, ya tilasta musu su motsa. A manyan gasannin Amurka babu wannan. Ƙungiyoyin besbol 30 ne, kuma ko ƙungiya ta sha kashi a kowane wasa, baɗi tana nan a babban rukuni, tana karɓar kasonta na kuɗin talabijin na ƙasa, darajarta a kasuwa ba ta rushe ba. Babu zaɓen da za a kayar da mai ƙungiya, babu taron mambobi da zai tsige shi. Ana iya korar koci, ana iya sallamar ɗan wasa, shi kaɗai ne ba mai taɓawa. To me ya rage a hannun mai goyon baya? Ko dai ya ƙaurace wa fili, ko ya je ya yi ihu. Waɗanda suka je a wannan mako sun so lambar 121 ta rataya a wuyan mutum ɗaya, a filinsa, a gaban idonsa, ta yadda duk inda aka ambaci sunansa za a ambace ta. Masu bin gasar Firimiya sun ga irin wannan a Manchester United, inda magoya baya suka shafe shekaru suna zanga-zanga kan iyalan Glazer, su ma Amurkawa da suka taso cikin wancan tsari.

Akwai kuma abin da ya ƙara hura wutar. A farkon 2024 ɗin nan Reinsdorf ya je Springfield, hedikwatar jihar Illinois, yana neman a tallafa da kuɗin jama'a a gina masa sabon fili. Dattawan magoya baya ba su manta ba cewa a 1988 barazanar kwashe ƙungiyar zuwa Florida ya yi, har majalisar jihar ta amince aka gina filin da ake ciki yanzu, wanda aka buɗe a 1991. Wanda harajinsa ya gina fili, ya biya tikiti, ya saya wa ɗansa riga da hula, yana da bakin magana. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne kan 'yan wasan. Da yawa daga waɗanda suka ji wannan ihu yara ne sababbin shiga, masu ƙaramin albashi a ma'aunin gasar, ba su suka zaɓi koci ba, ba su suka riƙe jakar kuɗi ba. Sun yi gumi sun ci wasa, mutanen gidansu suka yi musu ihu. Ko da sun san ba da su ake ba, kunne ya riga ya ji. Haka shi ma Anderson. White Sox ta rabu da shi a ƙarshen 2023, ya koma Miami Marlins, a Yulin 2024 su ma suka sallame shi. Mutumin da ya taɓa zama zakaran bugu, yau da an ambaci sunansa hoton faɗuwar nan ake fara ɗauko wa. Ya yi kuskure, an hukunta shi, amma tsiyar da ake ta yi masa ta wuce girman laifin, kuma mu 'yan jarida muna da hannu a ciki, domin mu ne muke ta sake kunna faifan.

A 2025 White Sox ta sake shan kashi 102, shekara uku ke nan a jere tana haura ɗari. Abin farin cikin da ya samu magoya bayanta a shekarar ba daga fili ya zo ba, daga Vatican ya zo: sabon Fafaroma Leo na 14 haifaffen Shikago ne, mai goyon bayan White Sox, kuma yana cikin 'yan kallo a wasan farko na zagayen ƙarshe a 2005, shekarar da suka doke Houston Astros suka ɗauki kofin da rabonsu da shi tun 1917. A watan Yuni kuma aka sanar da yarjejeniyar da za ta iya mayar da ragamar ƙungiyar hannun attajiri Justin Ishbia, amma ba kafin 2029 ba. Tun daga wancan kofi na 2005 har zuwa 2025 White Sox ba ta sake tsallake ko zagaye ɗaya na wasannin neman kofi ba. Yaron da aka haifa a kudancin Shikago a shekarar, wanda babansa ya ɗora masa hular ƙungiyar tun yana goye, zai cika shekara 24 kafin a fara maganar miƙa makullin.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. A huta lafiya.