Batirin Tsohuwar Mota: Abin Dubawa Kafin Ka Biya Kuɗi

Assalamu alaikum, jama'a. Yau maganar batir za mu yi, amma na tsofaffin motoci, irin Volkswagen Beetle, Peugeot 404 da 504, da Land Rover ta da. Idan ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka ce a ba ka batir, tambayar farko da mai shago zai yi maka ita ce, "Alhaji, amfa nawa?" Ga motar zamani tambayar ta isa. Ga motar da ta haura shekara 50, akwai tambayoyin da suka riga wannan, kuma motar ce kaɗai za ta ba ka amsarsu.

Fara da ƙarfin wutar. Ba kowace mota ce ke aiki da bolt 12 ba. Motocin Amurka sun yi amfani da bolt 6 har tsakiyar shekarun 1950, ita kuwa Beetle ta daɗe a kai, sai a samfurin 1967 aka fara mayar da ita 12, wasu ƙananan samfuran ma sun wuce nan da bolt 6 ɗinsu. To yaya za ka gane taka? Kada ka dogara da shekarar da ke cikin takarda, domin motar da ta ratsa hannun mutum biyar, mai yiwuwa wani mai wayarin ya riga ya juya ta. Zare ƙwan fitila ɗaya ka karanta abin da ke jikinsa. Duba rubutun jikin dainamo, wato na'urar da ke yi wa batir caji. Sannan ƙirga murafen tsohon batirin: uku, bolt 6 ke nan, shida, bolt 12, saboda kowane ɗaki a cikin batir yana ba da bolt 2.1.

Idan ka ɗora bolt 12 a kan mai 6, da farko za ka ji daɗi, don sitata za ta juya injin da gudu kamar sabuwa. Bayan nan ƙwayayen fitila su ƙone, kwayil ya ɗauki zafi, injin waifa ya bi baya. Juya mota zuwa 12 abu ne mai yiwuwa, amma aiki ne sukutum: dainamo, katawut (mai daidaita cajin dainamo), ƙwayaye, kwayil, rediyo. A Beetle har haƙoran filawil, faifan da sitata ke kamawa ta juya injin, sun bambanta, na bolt 6 guda 109 ne, na bolt 12 kuma 130, don haka sitatar ɗaya ba ta hawa ɗayar haka kawai.

Mai mota bolt 6, ga abin da na fi so ka riƙe. Sau da yawa in injin yana juyawa da ƙyar, batir ake ɗora wa laifi, alhali waya ce. Idan ƙarfin wuta ya ragu da rabi, yawan wutar da ke bi ta waya sai ya ninka kafin a yi aiki iri ɗaya. Shi ya sa wayoyin batirin bolt 6 suke da kauri. Wani ya zo ya canza su da siraran wayoyin ƙaramar motar Japan, ko wayar at ta yi tsatsa a inda aka ɗaure ta da bodi, shi ke nan, ko sabon batir ka kawo daga kwali ba za ta tashi da daɗi ba. Kankare tsatsar nan tukuna, ka ga ko har yanzu kana buƙatar saye.

Sai maganar wane kai ne ke zuwa bodi. A motocin yau, kan mainos ne. Amma yawancin motocin Ingila kafin ƙarshen shekarun 1960, irin su Morris Minor da Land Rover, kan fulos ne ake ɗaurewa a bodi. Land Rover ba ta koma mainos ba sai a 1967. Batirin dai iri ɗaya ne, babu wani na musamman. Haɗin ne ya bambanta, kuma yaron shago da ya saba da Toyota zai haɗa maka yadda ya saba. Bi wayar da idonka har inda ta ƙare, ka ɗauki hoto da wayarka kafin a kwance komai. In motar altaneta gare ta a madadin dainamo kuma aka juya kawunan, cikin ƙiftawar ido altanetar ta lalace.

Masu Fijo 504, ku kam kun huta da wannan. Bolt 12 ce, mainos a bodi, kuma tun da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975 makanikanmu suka san ta ciki da waje. Naku aikin shi ne awo.

Awon kuwa da tef ake yin sa: tsawo, faɗi, da tsayi har saman kawunan. A Beetle tsayin nan maganar rai ce. Batirinta yana ƙarƙashin kujerar baya ta hannun dama, kujerar kuma ƙarafan sifirin ne a ƙasanta. In ka sa dogon batir, ka bar kawunan a buɗe, mutum mai jiki ya zauna, ƙarfe ya haɗa fulos da mainos, ga kuma abin da aka cusa cikin kujerar a bushe. Motoci sun ƙone ta wannan hanya. Don haka gajeren batir, murfin roba a kan fulos, sannan a ɗaure shi tamau kada ya riƙa yawo. Duba kuma gefen da fulos yake. Batir biyu za su iya zama girma ɗaya, amma ɗaya fulos a dama, ɗaya a hagu, tsohuwar waya kuma ba ta da rarar da za ta tsallaka. Wasu ƙananan batiran Japan, irin NS40, kawunansu sirara ne; maɗaurin motarka ba zai kama su ba, kuma cusa ƙusa a tsakani, kamar yadda ake yi a bakin titi, ba gyara ba ne.

Yanzu mu dawo kan tambayar mai shago. Mutanenmu suna son babba, a ce 75 ko 100, wai ya fi ƙarko. A nan ban yarda ba. Dainamon tsohuwar mota wutarsa kaɗan ce. Na Beetle mai bolt 12 amfa 30 yake bayarwa, na Lucas da ke cikin motocin Ingila da yawa 22, kuma in injin yana salo kusan babu abin da yake turawa. Ɗora masa batir mai amfa 100 tamkar cika randa ne da cokali: kullum a rabi zai zauna, batirin da ke zama a rabi kuwa shi ne ke saurin mutuwa. Ga Beetle, 45 ya wadatar. Ga 504 mai fetur, wajen 60.

Akwai wata lamba da za ka gani a jikin batir, CCA. Ita tana nuna wutar da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili. Mutumin Jamus ko Kanada dole ya damu da ita. Mu nan, ko sanyin hunturun Jos bai kusanci wannan ba. Abin da ke cin batir a wajenmu zafi ne, irin na watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, da ke ƙafar da ruwan ciki ya kuma cinye farantan dalma. Kada ka ƙara kuɗi don wannan lambar.

Wannan zafin ne ya sa, ga motar da ke da dainamo da katawut, na fi karkata ga batir mai murafe, wanda ake ƙara wa ruwa. Tsohon katawut yakan zarce da caji, ruwa ya tafasa ya ragu. Mai murafe sai ka buɗe ka ƙara masa ruwan batir tatacce, ba na famfo ba, ba kuma asid ba. Rufaffen batir in ya yi asarar ruwansa, ya yi ke nan. Nau'in rufaffen batir da ake kira AGM yana da nasa amfanin, musamman a cikin mota kamar Beetle, tunda ba ya zubar da asid ya cinye ƙasan bodi, amma sai cajin motar yana daidai. Sa mita a kan batir, a taka mai kaɗan: tsakanin 13.8 da 14.4 ake so ga mai 12, wajen 7 ga mai 6. In ya haura 15, a gyara katawut kafin a sayi komai. Batirin litiyam da na sola, bar su. Ba don wannan aikin aka yi su ba.

A shago, sa a auna maka shi a gabanka. Cikakken batir 12.6 yake nunawa, mai bolt 6 kuma 6.3. In ka ga ya sauka ƙasa da 12.4, ya daɗe a kanta, ka ce a sauko da wani, ka kuma nemi ranar da aka ƙera shi. Tafi da tsohon, don masu shago suna karɓa su rage maka kuɗi, kuma dalma da asid ba abin ajiyewa a gidan da yara suke ba ne.

Wajen ɗaurawa, wayar da ke zuwa bodi ita ake fara cirewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa, don ko sifana ta taɓa ƙarfe ba za a samu tartsatsi ba. Tunda irin motocin nan sai ranar biki ko Sallah ake fito da su, in za ta kwana biyu a ajiye ka cire wayar bodin, ka riƙa sa batirin a caji sau ɗaya a wata. Tayar da injin na minti biyar a gareji ba caji ba ne. Da dainamo ma wutar da sitata ta ja ba za ta koma ba. In za ka tayar da ita, fitar da ita titi ta yi tafiyar rabin awa.