Ƙarfen da ke cin hantar baƙin karkanda

Duk matar da ta taɓa zuwa awon ciki a nan Kano ta san jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini, ta kuma san gargaɗin da ke biyo baya: "Hajiya, kada ki kora su da shayi." Mu ƙarancin sinadarin ƙarfe ne ke damunmu. To ga wata dabba da yawansa ke kayar da ita.

Baƙin karkanda ke nan. Ku dubi leɓensa na sama, mai tsini, yana kama reshe kamar ɗan yatsa. Ba ya kiwon ciyawa irin na ɗan'uwansa fari mai faffaɗan baki. Ganye yake tsinka, da ƙananan rassa, har da ƙaya. A dajin Namibiya ko Kenya hantarsa lafiya lau. Amma a ajiye shi a gidan zoo na Turai ko Amurka, shekaru na tafiya, ƙarfe na taruwa a hanta da saifa, har gaɓoɓin su gaza. Farin karkanda kuwa, a irin gidan, ko a jikinsa.

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙarfe yana da ƙofar shiga jiki, ta hanji, amma ba shi da ƙofar fita ta kirki. Abin da ya shiga ya zauna.

Yanzu mu leƙa majema. Da me ake jeme fata? Da bagaruwa. Baurin nan nata, irin wanda kake ji a goro ko shayin da ya yi ƙarfi, sunansa tanin, kuma shi ne ke damƙe ƙarfe a cikin abinci ya hana hanji tsotsewa. Dalilin gargaɗin asibiti ke nan. Dangin bagaruwa su ne cimar baƙin karkanda a daji, shi ya sa masana da yawa ke ganin jikinsa ya saba da wawurar duk ɗan ƙarfen da ya samu. Sai aka kawo shi gari, aka cika masa gaba da harawar alfalfa da dunƙulen abincin kamfani, ga 'ya'yan itatuwa masu bitamin C da ke ƙara buɗe ƙofar. Gata aka yi nufi, ni kuwa a ganina gatan ne ya ja masa.

Cikinsa ma ya sauya. Kamar jaki da doki, a babban hanji ƙananan halittu ke narka masa ganye. Da aka gwada kashin na daji da na tsare, an tarar mazauna hanjin sun bambanta, na tsaren har sun ɗauko irin bakteriyar da ake gani a dabbobin gida.

Me ya sa ake ta wannan wahala ta ajiye shi a gidan zoo? A 1970 baƙaƙen karkanda sun kai kusan 65,000. Farauta saboda ƙaho ta mayar da su ƙasa da 2,500 a shekarun 1990. Irin na yankinmu, wanda ya ƙare a arewacin Kamaru, tun 2011 aka tabbatar babu sauransa.

Magani dai, ɗiban jini ne, don jiki ya ci ajiyarsa wajen ƙera sabo. Wanzamai za su ce ai mun san wannan! Sai dai nan ba a ɗaure mara lafiya. Wata da watanni ake lallashinsa, har dabba mai nauyin tan guda ta tsaya da kanta, tana tauna ganye, likita na durƙushe da allura a jijiyar ƙafarta. Ganyen ma aiki ne: inda hunturu ke kakkaɓe bishiyoyi, tun da rani ake sare rassa a daskarar, a riƙa fito masa da su kaɗan-kaɗan.