Wayar sola daga kan kwano zuwa inbata: ina bututu, ina maƙala?

Jama'a, ku kalli wannan wayar da kyau. Daga kan rufi aka sauko da ita. Robar jikinta ta bushe ta tsattsage, ga jan ƙarfen nan a fili. Farantan sola lafiyarsu ƙalau, inbata ma tsaf, wayar ce kaɗai aka yi wa rowa.

A watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri yakan haura digiri 40, a inuwa ma ke nan. Kwanon da rana ke duka tun safe kuwa, hannu ba ya iya zama a kai. Wayar gida ta yau da kullum mai robar PVC, digiri 70 ne iyakarta, kuma ba a yi ta don zaman rana ba. Shi ya sa sola ke da wayarta daban. Ku duba jikinta, za ku ga an rubuta H1Z2Z2-K ko PV1-F. Riga biyu gare ta, jan ƙarfen cikinta an shafe shi da kuza don kada ya ci tsatsa, tana jure digiri 90. In mai haɗa muku sola ya zo da wayar soket, ku ce masa: Malam, wannan ba ta hawa sama.

Me ya sa ake tsananta wa wayar sola haka? Wutar NEPA kai-komo take yi, sau 100 take faɗuwa zuwa sifili a cikin daƙiƙa ɗaya, don haka tartsatsinta yakan mutu da kansa. Ta faranti, wadda ake kira DC, ba ta faɗuwa. Ku jera faranti goma a layi ɗaya, ƙarfin zai kai bolt 400 ko fiye, kuma muddin akwai rana ba a kashe ta daga ƙasa. Tartsatsi in ya kama, sai ya yi ta ci kamar wutar walda.

To, a ƙarƙashin faranti ba a bukatar bututu, maƙala ake bukata. A ɗaga wayar a maƙale ta a jikin firam da 'yan maƙalan ƙarfe marasa tsatsa, kada ta kwanta a kan kwano. Iskar farkon damina za ta yi ta goga ta da bakin kwano har ya yanke ta. Farin maɗaurin robar nan na kasuwa rana ce ke cinye shi, sai ya ɓalle. In dole ne, a nemi baƙi wanda aka yi don rana. Mahaɗan MC4 kuma, wato filogin da ke haɗa wayoyin faranti, namiji da mace su fito daga kamfani ɗaya. Selotef ba mahaɗi ba ne.

Daga gefen faranti zuwa inda waya za ta shiga gida, nan ne gardamar take: bututun roba ko na ƙarfe? Na roba ya fi araha, ba ya tsatsa, amma farin da ake binnewa a bango in ya sha rana sai ya yi ƙamas ya farfashe, kuma zafi na sa shi miƙewa har ya lanƙwashe tsakanin maƙalai. Na ƙarfe ya fi tsada, dole kuma a haɗa shi da wayar ƙasa. Kowanne aka zaɓa, a ɗaga shi daga kwano iska ta riƙa bi ta ƙasa. Dokar wayarin ta Amurka ta ce in tazarar ba ta kai kusan inci guda ba, a ƙara digiri 33 a lissafin zafin da wayar za ta sha. Kada kuma a cusa wayoyi har bututu ya cika. Kashi 40 cikin 100 na cikinsa ya isa.

A bakin ramin shiga, a bar wayar ta ɗan sauko ƙasa kafin ta hau, ruwa ya ɗiga a waje. A sa mata roba mai matsewa, kaifin kwano kada ya taɓa ta.

Cikin silin kuwa, ni a ganina ƙarfe ne kawai. Can ne gidan ɓera, can katako ya bushe ƙayau, can ido ba ya kaiwa. A Amurka ma doka ce wayar sola da ta ratsa cikin gini ta bi ta cikin ƙarfe. In kuɗinku mita kaɗan na bututun ƙarfe zai saya, a nan za ku sa shi.

Saura abu ɗaya. Wayar fulos da ta mainos su tafi kafaɗa da kafaɗa, kada ɗaya ta zaga gabas ɗaya yamma. Faɗin da ke tsakaninsu shi ke janyo ƙarfin tsawa zuwa inbata ko da ba a kan gidan ta faɗi ba. Makashin da za su shiga kuma, ku duba da idonku an rubuta DC a jikinsa kafin a ɗaura shi.