Kunamar Ruwa Tana Ƙarewa A Binuwai

Jama'a masu sauraro, akwai wata magana da take ci mini tuwo a ƙwarya, wai kifi ba ya ƙarewa a ruwa. Yana ƙarewa mana! Ku tambayi masuntan Binuwai yaushe rabon da komarsu ta ɗauko kunamar ruwa.

Ga wanda bai san ta ba, kifi ce mai faɗi kamar faifai, ba ƙashi a jikinta sai guringuntsi, ga doguwar wutsiya mai ƙari da dafi. Kwanciya take yi a gindin kogi, ta lulluɓe da yashi, ido kaɗai a waje, tana kiwon ƙananan ƙwarin ruwa. A 1962 masana suka fara bayaninta daga Garwa ta Kamaru, lokacin tana da yawa a wurin. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka ta a jerin halittun da ke bakin ɓacewa.

Me ya jawo? Kunamar ruwa ba ta zuba ƙwai. Tarwaɗa ɗaya takan zuba ƙwai dubbai, shi ya sa ko an kwashe ta bana, baɗi ta dawo. Ita kuwa ciki take ɗauka, ta haifi 'ya'ya 'yan kaɗan da ransu. Ka kama mai ciki ɗaya, ka kashe gida guda. Koma mai ƙananan idanu ba ta zaɓe, gamalin, maganin ƙwari mai guba da ake zubawa a ruwa don kashe kifi, ba ya zaɓe, ita kuma haihuwarta ba ta ƙaru ba. Ga madatsar Lagdo da aka kammala a 1982 a saman Garwa, wadda ta sauya tafiyar ruwa da yashin da take kwanciya. Ba ma tuna Lagdo sai an sako ruwa ya ci gonaki.

Wani zai ce ai mai harbi ce, gara ta tafi. Haba malam! Ba ta bin kowa, sai an taka ta. Wani kuma ya ce talaka na neman na tuwo ana zancen kifi. To wannan kifin bai taɓa riƙe gidan masunci ba, tsautsayi ne ke jefa shi koma.

'Yan'uwanmu na Nijar, ku duba kuɗin sefa. Hoton nan na kifi mai zarto ɗan'uwanta ne, shi ma haihuwa yake yi kaɗan-kaɗan, kuma ya kusa ƙarewa a gaɓar Afirka ta Yamma.

Sarakunan ruwa na Yola, Ibi da Makurdi suna da ikon da jami'in kifi ba shi da shi. Su kafa doka a bakin ruwa: duk kunamar ruwan da ta faɗa koma da ranta a mayar da ita, musamman mai ciki. Wanda aka kama da gamalin kuma a karɓe jirginsa.