Lacca: titi ya kai iyakar gari ya tsaya, ina matsalar take?

Assalamu alaikum jama'a, na baya kuna jina? Toh madalla. An ce in yi magana kan yadda garuruwa biyu maƙwabta za su haɗa kai wajen ƙara tsawon titi da buɗe filin masana'antu, kuma tun yanzu zan faɗa muku inda na tsaya, ni a ganina rigimar ta haraji ce, kwalta da siminti su ne masu sauƙi.

Kowa a nan ya taɓa ganin irin titin nan, hannu biyu, ga fitilu ga magudanar ruwa, kana ta sharara gudu sai kawai ka iso allon da aka rubuta sunan gari na gaba, nan take kwalta ta ƙare sai jar ƙasa da ramuka, ga tireloli sun jeru suna jiran juna su wuce ɗaya bayan ɗaya, kwalbatin ƙarshe kuma yana zubar da ruwansa cikin gonar mutanen wancan ɓangaren. Injiniya bai yi kuskure ba fa, inda kasafin kuɗin garinsa ya tsaya nan ya tsaya.

Me ya hana na gaba ya ɗora? Ku duba lissafinsa. Masana'antun suna ƙasar gari na farko, shi zai riƙa karɓar harajin fili da na gine-gine, shi kuwa na biyu shi zai biya diyyar gidajen da za a rushe, manyan motoci su fasa masa titi, ma'aikata su tare a unguwanninsa saboda haya ta fi sauƙi, 'ya'yansu su cika masa makarantu da asibiti. Kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi kenan. Wane shugaban gari ne zai sa hannu a wannan ya koma ya nemi ƙuri'a? Daga nan sai kowa ya yanke nasa filin masana'antun, ana ta rige-rigen yi wa kamfanoni rangwamen haraji, ƙarshe fili biyu kowanne rabinsa ciyawa.

An daɗe da gane wannan. A Jamus tun 1920 garuruwan yankin Ruhr, wajen su Essen da Dortmund inda ake haƙar kwal a lokacin, suka samu hukuma ɗaya mai tsara inda manyan tituna za su bi da inda za a bari ba gini. A Amurka dokar manyan tituna ta 1962 cewa ta yi duk yankin birni da ya haura mutum 50,000 ba zai samu kuɗin tarayya na titi ba sai hukumomin yankin sun zauna sun yi tsari tare, wato da kuɗi aka ja su teburin, ba da wa'azi ba.

Amma wanda nafi so ku riƙe shi ne na Minneapolis da Saint Paul a jihar Minnesota. A 1971 aka yi doka, aka sha shari'a a kanta, sai 1975 ta fara aiki, abin da ta ce shi ne duk ƙaruwar da aka samu a darajar kadarorin kasuwanci da masana'antu da ake ɗora wa haraji, kashi 40 cikin 100 za a zuba a asusun bai ɗaya na gundumomi 7, a raba wa garuruwa bisa yawan jama'a da kuma ƙarfin arziƙin kowanne, mai ƙaramin ƙarfi ya samu kaso mai tsoka. Kun ga kenan ko masana'anta ta sauka a ƙasar maƙwabcinka kai ma akwai abin da zai shigo maka, kuma wanda ta sauka a wajensa bai yi asara ba tunda kashi 60 nasa ne. Har yau garuruwan da suka fi zubawa suna ƙorafi, ba wai kowa ya ji daɗi bane, amma tsarin yana nan. Faransa ma a 1999 ta bi kusa da haka, garuruwan da suka shiga ƙungiya ɗaya suka koma karɓar harajin kamfanoni a farashi ɗaya cikin asusu ɗaya.

Sai abu na gaba da ake yawan mantawa, gyara. Ranar yanke kyalle kowa zai zo a ɗauki hoto, bayan damina biyar da tireloli suka lotsa kwalta wa zai cike ramin? A rubuta shi cikin yarjejeniya tun farko, da wanda zai kula da fitilu, da inda ruwan dattin masana'antu zai bi, don ruwa gangare yake bi bai san allon iyaka ba. Haka maganar fili, da zarar safiyo ya kafa turaku farashi zai tashi sama, dillalai sun riga kowa ji, saboda haka garuruwan biyu su killace hanyar lokaci guda kuma diyya ta zama ma'auni ɗaya, in ba haka ba mutumin wannan gefen zai ji an biya na tsallake ninkin nasa, sai kotu, aiki ya tsaya.

Naga ana yi min alama da agogo, Alhaji na gaba tun ɗazu hannunka a sama yake, bismillah a miƙa masa makirufo.